Yadda za ka auna darasi a ƙarshen zango

Ɗalibin Jami'ar André Salifou ta Damagaram, in aka nemi ra'ayinka kan darasi, kada ka auna duka da mudu ɗaya: akwai darasi na aji, na intanet da na gauraye. Na aji, duba ko muryar malam tana kaiwa bencin baya.

Na intanet nan ake tafka kuskure: wuta ta ɗauke ko kuɗin waya ya ƙare, sai a rage wa malam maki, alhali ba laifinsa ba ne. Tambayi kanka: takardun darasin suna sauka a ƙaramar waya? Kwana nawa kafin a gyara aikinka? Rubuta ranakun a bayan littafinka tun makon farko, don mantuwa.

Na gauraye kuwa, wato mai haɗa aji da intanet, duba ko abin da ka karanta a waya shi ake warwarewa a aji.