Yadda Ake Bin Sawun Ƙwayar Cuta a Tare Mata Hanya

Ranar da na fara ɗora ido a kan madubin awo, mai ƙara girman ƙananan abubuwa, a ɗakin gwaji, ɗigon jinin wani yaro ne a kan gilashi. An shafa, an busar, an rina. A cikin jajayen ƙwayoyin jininsa sai ga wasu 'yan zobba shuɗaye, kowanne da ɗigon ja a gefe. Su ne ƙwayoyin zazzaɓin cizon sauro. Yaron na waje yana makyarkyata a cinyar mahaifiyarsa, abin da ya kayar da shi kuwa sai an ninka girmansa sau 1,000 kafin a gan shi sosai. Tun daga ranar, duk ciwon da ake ɗauka, tambaya uku nake yi masa: ta ina ya shigo, ina ya sauka, me yake yi a can. Da su nake kare gidana, su kuma zan koya maka.

Fara da ƙofa. Fata katanga ce, ƙwayar cuta ba ta cika ratsa lafiyayyar fata ba, sai ta nemi inda yake a buɗe: hanci, baki, ido, rauni, al'aura, ko cizon ƙwaro da tsinin allura. Kowace cuta da ƙofar da ta saba bi. Tarin fuka da ƙyanda iska suke hawa, ƙwayar ƙyanda ma takan yi har awa 2 a iskar ɗaki bayan mai ita ya fita. Saboda haka idan mai tari yana kwance, buɗe taga ya fi goge ƙasa amfani. Kwalara da taifod kuwa daga bayan gidan mai ciwo suke fitowa, su bi ruwa ko hannu su koma bakin wani. Ba daɗin ji, amma haka abin yake. A nan sabulu ne makaminka: bayan ka fito daga bayi, bayan ka wanke wa yaro, da kuma kafin ka taɓa abin da za a kai baki. Ka cuɗa na daƙiƙa 20, har tsakanin yatsu da ƙarƙashin farce. Ruwan da ba ka yarda da shi ba, ka bar shi ya tafasa sosai na minti 1.

Kada ka raina wankin hannu. A 1847 wani likita a birnin Biyana na ƙasar Ostiriya, Ignaz Semmelweis, ya lura masu jego na mutuwa da zazzaɓi a ɗakin da likitoci ke shiga kai-tsaye bayan sun gama binciken gawa. Ya tilasta musu wanke hannu da ruwan kulorin, mace-macen suka ragu ƙwarai. Ya yi wannan ne tun kafin a tabbatar da cewa ƙwayoyi ke haddasa cuta. Ƙwayar tarin fuka ma sai a 1882 wani likitan Jamus, Robert Koch, ya nuna wa duniya ita.

Idan ƙwayar cuta ta riga ta shiga, sai batun masauki, a nan ne kuma mutane ke ruɗewa. Ƙwayar ba ta cika kayar da mutum ranar da ta shigo ba. Ta zazzaɓin sauro hanta take fara nufa, ta yi kamar mako guda ko fiye tana hayayyafa, kai kuwa kana ta harkokinka garau. Daga nan ta fantsama cikin jini, ta shige jajayen ƙwayoyi, ta cika su har su fashe. Fashewar nan ce ke zuwa da sanyi da zafin jiki da gumi, ita ce kuma ke ƙarar wa yaro jini har tafin hannunsa ya yi fari. Don haka idan zazzaɓi ya zo, kada ka tsaya kan abin da ya faru jiya kaɗai. Waiwaya mako ɗaya zuwa biyu: ina aka kwana, wane ruwa aka sha, wa aka duba da ba shi da lafiya. Wannan labarin shi likita ya fi bukata daga bakinka.

Ɓarnar da ƙwayoyin cuta suke yi ba iri ɗaya ba ce. Bakteriya, wani nau'i daga cikinsu, halitta ce mai cin gashin kanta, tana rabuwa biyu, biyun su zama huɗu, wasu a kowane minti 20 idan sun sami wuri mai kyau. Da yawansu dafi suke fitarwa. Ta kwalara ba ta ma shiga jini: manne wa bangon hanji take yi, dafinta ya sa hanjin ya riƙa zubar da ruwa da gishirin jiki, wani lokaci har lita guda a awa ɗaya. Rashin ruwan ne ke kisa. Shi ya sa ruwan gishiri da sukari ya zama ceto: lita 1 ta ruwa mai tsabta, ƙaramin cokali 6 na sukari, rabin ƙaramin cokali na gishiri, a riƙa kurɓa kaɗan-kaɗan ana kan hanyar asibiti. Ta tetanus tana zaune a ƙasa, ta shiga ta rauni mai zurfi ta tsaya a nan, dafin ne ke bin jijiya har muƙamuƙi ya sarƙe, jiki ya sanƙare. In ƙusa ta soke ka, wanke wurin da sabulu da ruwa mai yawa, ka je a duba maganar allurar riga-kafinka tun a ranar.

Bairos kuwa, wani nau'in ƙwayar cuta daban, ba ya iya hayayyafa shi kaɗai. Sai ya kutsa cikin ƙwayar halittar jikinka, ya mayar da ita masana'antar buga irinsa. Mura, ƙyanda, shan inna da ciwon hanta mai lamba B duk aikinsa ne. Akwai kuma dangin naman gwari masu kawo makero da ƙaiƙayin tsakanin yatsu, su danshi suke so, a tsane jiki a daina musayar tawul.

Wani abin da na daɗe ban gane ba: yawancin wahalar da majinyaci ke ji, yaƙin jikinsa ne. Zafin jiki, kumburi, majina, har mugunyar da ke taruwa a ƙurji, wadda akasarinta gawarwakin fararen ƙwayoyin jini ne, duk alamun garkuwar jiki ce ta tashi tsaye. Riga-kafi ma abin da yake yi ke nan, ya nuna wa garkuwar fuskar maƙiyi tun kafin ya iso.

A nan ina da ƙorafi, kuma ya dame ni ƙwarai. Maganin antibayotik bakteriya yake kashewa, ba ya taɓa bairos ko kaɗan. Wanda ya sha shi don mura ya kashe bakteriya masu amfani da ke hanjinsa, ya kuma bar masu taurin kai su yaɗu. Na sha ganin farantin gwaji, wanda ake renon bakteriyar majinyaci a ciki, an jera magunguna a kansa, bakteriya ta tsiro har gindin kusan kowanne, ba wanda ya kore ta. Bayan irin wannan faranti akwai mutum kwance da zaɓin maganinsa ya kusa ƙarewa. Ka bari a auna kafin a sha, in an rubuta maka kuma ka sha yadda aka ce. Na tarin fuka yawanci wata 6 ne, ko da tarin ya tsaya tun a wata na biyu.

Akwai lokacin da jinyar gida ta ƙare. Numfashi da sauri ko da kyar, ruɗewa, sanƙarewar wuya, jijjiga, yaron da ya ƙi nono ko ya kasa shan komai, fitsarin da ya ɗauke, tarin da ya wuce mako 2, da kowane zazzaɓi a jikin jaririn da bai kai wata 3 ba. Ko ɗaya daga cikinsu ka gani, ɗauki majinyacin ku tafi asibiti, ka kuma riƙo kwalin duk maganin da aka riga aka ba shi.