Soyayyar da ta watse za ta koya muku "If I had"

'Yan uwa masu shirin WAEC da JAMB, ga dabara kan jimlolin Turanci na abin da ya wuce ba yadda aka so ba.

Ku ajiye misalin ruwan sama da laima da ke cikin littafi, ku tuno soyayyar da ta watse, domin abin da ya taɓa zuciya ba ya saurin fita daga kai. Tsarin ma muna da shi a bakinmu: "Da na kira ta daren nan, da ba ta yi fushi ba." Turancin ma gida biyu ne: "If I had called her that night, she wouldn't have been angry." Gidan farko if da had, na biyu would have, kowanne sai siffa ta uku ta aikatau ta biyo baya, irin called, gone, seen.

Inda ɗalibai suka fi faɗuwa shi ne cusa would a gidan if. "If I would have called" ba ya samun maki. Haka went bayan had. Daidai shi ne: "If he had gone to greet her parents, they would have accepted him."

In sakamakon yana nan har yau, have ta fita: "If I had married her, I would be happy now."

Yau da dare kowa ya rubuta jimla uku daga nasa labarin, ya karanta da ƙarfi, ya turo mu gyara. Don Allah ban da ambaton suna.