Yadda Doki Ke Koyo: Matsi, Sassauci da Lokacin Saki

Asalin doki dabba ce da ake farauta a dawa, don haka idan ya ga abin da bai gane ba, gudu yake fara yi, tunani ya biyo baya. Yawancin abin da ake kira taurin kai a wurin doki tsoro ne, ko ciwo, ko kuma bai fahimci abin da ake nema ba.

Idanunsa a gefen kai suke, yana ganin kusan duk kewayensa, amma akwai wurare biyu da ba ya gani: daidai gaban goshinsa zuwa ƙarƙashin hanci, da kuma bayan jelarsa. Saboda haka ka tunkare shi ta wajen kafaɗa kana magana, kuma idan za ka zagaya bayansa ka ɗora hannu a kan ɗuwawunsa don ya san inda kake. Idonsa yana jinkirin sabawa da duhu fiye da namu. Idan ya tirje a ƙofar barga mai duhu, ka ba shi lokaci ko ka ƙara haske. Bulala ba ta da amfani a nan.

Kunne shi ne bakin doki. Inda ya juya, can hankalinsa yake. Idan ya kwantar da kunnuwan biyu baya sosai, gargaɗi ne kafin cizo ko harbi. Kai a sama, farin ido a waje, hanci a buɗe, jela a matse: tsoro ne. Idan ya sauke kai, leɓen ƙasa ya saki, ya ɗage ƙafar baya ɗaya yana hutawa, hankalinsa ya kwanta, kuma darasi ya fi shiga idan hankalinsa a kwance yake.

Babban abin da ya kamata mai horo ya riƙe shi ne doki ba ya koyo daga matsin da aka yi masa. Yana koyo ne daga lokacin da aka daina matsin. Duk abin da yake yi a daidai lokacin da ka saki, shi ne zai ɗauka a matsayin amsa.

Ga misali da koya masa ja da baya. Ka sa masa ragama, ka tsaya gefen kansa kana fuskantarsa, ka riƙe igiyar kamar taƙi biyu daga haɓarsa. Ka ja ta zuwa ƙirjinsa a hankali, da ƙarfin yatsu kawai. Ka jira daƙiƙa biyu ko uku. In bai motsa ba, ka ƙara ƙarfi kaɗan ka riƙe a haka, kada ka fizga. Zai gwada abubuwa: ɗaga kai, karkacewa, turo kai gaba. Duk wannan kada ka saki. Da zarar ya mai da nauyinsa baya, ko da ƙafa ɗaya ce ta motsa, ka saki gaba ɗaya nan take, cikin daƙiƙa guda. Ka bar shi ya huta kamar rabin minti, ka sosa masa gindin wuya inda geza ta ƙare, wurin da dawaki ke sosa wa juna, sannan ka maimaita. Kullum ka fara da matsi mafi sauƙi, don ta haka ne zai koyi amsawa kafin a kai ga mai ƙarfi. Sai taku ɗaya ya zauna sosai za ka nemi biyu.

A nan ne yawanci ake ɓata doki. Wanda ya saki igiya lokacin da dokin ya fizge kai, ya koya masa fizge kai. Wanda kuma ya ci gaba da jan linzami bayan dokin ya tsaya, ya nuna masa cewa tsayawa ba ta kawo sauƙi, sai bakinsa ya mutu, a koma neman linzami mai kaifi, alhali hannun mahayi ne ke da laifi. Haka dukan da aka yi bayan minti ɗaya da laifi ba ya gyara komai, domin doki ba ya haɗa abu biyu masu tazara irin wannan. Abin da zai koya shi ne tsoron mutumin.

Kada ka raina lurarsa da jikinka. A Jamus an yi wani doki mai suna Hans da aka ɗauka yana lissafi da buga kofato. A 1907 wani mai bincike, Oskar Pfungst, ya nuna cewa dokin yana karanta ɗan motsin kai da jikin mai tambaya ne, ya daina bugawa idan ya ga mutumin ya saki jiki. Naka ma haka yake karanta numfashinka da tsaurin kafaɗarka.

Idan abu yana firgita shi, kamar leda ko laima, ka nuna masa daga nesa, daidai inda zai lura amma bai zabura ba. Ya tsaya cak, ka janye abin. Ka dawo da shi kusa kaɗan, ka sake janyewa. Idan ya gudu, ka matso da yawa ne, sai ka koma baya. Ka yi ta ɓangarorin biyu, don sabawa ta dama ba lallai ta wadatar da hagu ba. Kada ka ɗaure shi ka tilasta masa: firgici guda mai tsanani yana iya zama a ransa shekaru. Ga dukushi, minti 10 zuwa 15 a zama ɗaya ya isa.

Dokin da yake lafiya lau ya fara tutsu, ko cizo idan an zo ɗaura sirdi, ko kaɗa kai da linzami, a fara binciken jikinsa kafin a ce horo ne ya gaza. A duba bayansa ko sirdi yana matsa shi, a duba kofato, likitan dabbobi kuma ya duba turamen haƙoransa aƙalla sau ɗaya a shekara, domin gefensu yana yin kaifi ya yanki kumatu. A duba zamansa ma. Idan ba a kulle shi ba, doki yana kiwo awa 14 zuwa 16 a yini cikin 'yan'uwansa, cikinsa kuma yana fitar da ruwan tsami ba tsayawa. Wanda aka kulle shi kaɗai da ciki wayam yakan kamu da gyambon ciki, ya fara cizon katako ko rangaji a ƙofa. Maganin farko shi ne ciyawa a gabansa mafi yawan yini, fili don motsa jiki, da wani dokin da zai riƙa gani yana taɓawa.