Kafin Ka Ɗau Wankan Zuwa Wasa: Kurakuran Da Nake Gani Daga Bisa Keken Ɗinki

Shekarata 14 ina ɗinki a cikin birnin Katsina, kuma bayan sana'ata babu abin da nake so kamar kiɗa. Duk goman ƙarshe na azumi samari kan cika mini shago, kowa da waya a hannu: "Yaya, irin wannan za ka yi mini, da shi zan je wasan Sallah." In karɓa in duba, sai in ga hoton wani mawaƙin Amurka ko Koriya cikin baƙaƙen kaya, riga kan riga, ga sarƙa har cibiya. Ba na hana kowa fita daban. Ni ma ina son in ga saurayi ya yi shigar da ba ta kowa ba a tsakiyar fararen shaddoji ɗari. Sai dai ni nake yanka yadin, kuma ina zuwa wuraren wasan mawaƙan, don haka ina ganin yadda wankan yake ƙarewa.

Babban kuskuren daga yadi yake farawa. Mai hoton nan da kake kwaikwayo yana zaune ne inda ake zubar ƙanƙara. Mu kuwa ƙaramar Sallar 2024 ta faɗo ranar 10 ga Afrilu, ta 2025 ranar 30 ga Maris, wato tsakiyar bazara, lokacin da zafin Katsina kan haura digiri 40. Ka sa jakit ɗin fata ko riga mai hula ta roba, ka shiga cikin mutum dubu, ka yi rawa awa biyu, me kake tsammani? Na taɓa taimakawa aka fito da wani yaro daga fili ranga-ranga, muna cire masa jakit gumi na tsiyaya kamar an tsamo shi daga rijiya. Yadin roba ba ya shan gumi, auduga tana sha, iska kuma tana ratsa ta. In kana shakkar abin da aka sayar maka, zaro zare ɗaya daga gefe ka kyasta masa ashana. Auduga tana ci kamar takarda ta bar toka mai laushi, roba kuwa narkewa take yi ta dunƙule ta yi tauri. Jakit ɗin ka ajiye shi sai Disamba da Janairu, in hunturu ya kankama, a lokacin ne zai yi maka rana.

Abin da ya fi damuna shi ne yadda muke tsallake abin da ke cikin adakar iyayenmu mu tafi neman baƙon abu a gwanjo. In fita daban kake so, wa ya kai mai 'yar shara ta saƙi a kan wandon jins? Wa ya kai mai buje da taguwa da malfa, ko mai hular haɓar kada? Na ɗinka wa wani ɗalibi gajerar riga da farin saƙi, na yi masa aikin aska biyu ƙarami a ƙirji da baƙin zare, ya haɗa da kambas. Bayan Sallah abokansa huɗu suka zo da hotonsa, ba na wani Ba'amurke ba. Mai son baƙi ga rinin baba, wanda duhunsa yake da rai, yana sheƙi in fitila ta haske shi. Amma a san halinsa: shuni yana zuba. Sabon rini a wanke shi shi kaɗai da ruwan sanyi sau biyu ko uku, a shanya a inuwa, kada kuma a ɗora shi kan farar shadda ranar farko. Rawani ɗan Kura kuwa ba a wanke shi, ƙyallinsa daga shunin da aka buga masa ne, kuma zai shafe maka wuya da hannu, sai ka shirya wa hakan.

A nan ma akwai inda ake zarcewa. Kayan gargajiya suna da masu su. Duk wanda ya taɓa tsayawa a Ƙofar Soro ranar hawan Sallah, ko ya je Daura kallon Sallar Gani, ya san rawani mai kunne biyu na sarakuna ne da 'ya'yan gidan sarauta, alkyabba ba ta kowa ba ce, ja da kore kuma shigar dogarai ce. Ka ari saƙi da rini da ɗinki yadda kake so, amma ka bar wa fada alamominta. Haka kakin soja mai dabbare-dabbare: doka ta hana farar hula sa shi, kuma a jihar da ke da shingayen bincike a kan hanyoyi, wando ɗaya zai iya jawo maka abin da ba ka shirya ba.

Rigunan gwanjo masu rubutu, a karanta kafin a saya. Wanda bai iya Turanci ba ya ba wanda ya iya. Na sha ganin yaron kirki da ashar a ƙirjinsa, ko hoton ganyen wiwi a bayansa, bai sani ba.

Sai maganar da samari ba su cika son ji ba. Yawancin wasannin nan ana taruwa ne bayan La'asar, Magariba ta riske ka a can, sau da yawa har Isha'i. Wandon da aka yayyaga a cinya ba ya suturta abin da ya wajaba a rufe tsakanin cibiya da gwiwa. Wanda ya matse har ba ya naɗuwa zai wahalar da kai wurin alwala, ga kuma takalmi mai igiya goma sha. Ƙarshenta sai ka ji an ce "sai na koma gida na haɗa." Gyaran ba wuya: in yagar kake so, kawo in sa maka wani ƙyalle ta ciki, saƙi ko atamfa, ya fito ta wurin yagar. Ya fi kyau ma. Aski kuma, hadisin Ibn Umar da ke cikin Buhari da Muslim ya hana aske wani sashen kai a bar wani, kuma kowa ya san Hisbah tana aiki a jihar nan. Ana iya tara suma a gyara ta tsaf ba tare da an kai can ba.

Ƙannena mata, naku guda biyu ne. Takalmi mai tsini nutsewa yake a fili mai yashi, in kuma aka fara turereniya shi zai fara kayar da ke. Mayafi mai santsi da ba a kama shi da fil ba zai hana ki sakewa duk daren. Ki sa falat, ki kama mayafinki, ki tafi da sanin gida, tare da 'yan'uwa.

To an gama wanka, saura wasan kansa. Kuskuren farko ana yin sa tun kafin a bar gida: a ga fasta a WhatsApp da hoton babban mawaƙi, a tura kuɗin tikiti zuwa asusun wanda ba a sani ba. Ka leƙa shafin mawaƙin na Facebook ko Instagram, in da gaske zai zo zai faɗa da bakinsa. Ka kuma tambaya, da makaɗa zai zo ko faifai za a sa yana bi? Duka biyun ana yi, amma ba kuɗinsu ɗaya ba, ba daɗinsu ɗaya ba. Mu da muka tashi a jihar da ta haifi Mamman Shata, ɗan Musawa da aka binne a Daura a 1999, da Barmani Choge ta Funtuwa da ta rasu a 2013, bai kamata a koya mana bambancin ba. A gaban masu kalangu ko masu kiɗan ƙwarya, waƙa tana canzawa gwargwadon wanda ya shigo fili, 'yan amshi suna karɓa, makaɗi yana matse kalangu a hammata yana magana da shi. Wanda bai taɓa tsayawa a irin wannan wuri ba, ina roƙonsa ya nemi bikin da aka gayyato makaɗan gargajiya ya je ko sau ɗaya.

Kada ka tsaya a bakin lasifika. Samari suna rububin wurin don a nan kiɗa yake dukan ƙirji. Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da ƙa'ida a 2022 cewa kada ƙarar wurin wasa ta wuce desibel 100 (ma'aunin ƙarfin sauti) a matsakaici, mu kuwa ba mai aunawa. Ƙugin nan da kake ji a kunne bayan an tashi alama ce ta rauni, kuma ƙwayoyin ji na cikin kunne in sun mutu ba sa sake tsirowa. In sai ka yi ihu kafin na kusa da kai ya ji ka, ka ja baya. Wurin da mai haɗa sauti yake zama, can wajen tsakiya, nan kiɗa ya fi fita daidai.

Liƙi al'adarmu ce ta karrama mawaƙi, amma sashe na 21 na dokar Babban Bankin Najeriya ta 2007 ya haramta watsa naira da taka ta a wurin biki. Hukuncin ɗaurin da bai gaza wata 6 ba ne, ko tarar da ba ta gaza naira 50,000 ba, ko duka biyun, kuma a 2024 wata kotu a Legas ta ɗaure wani sananne wata 6 a kan haka. Bidiyon da abokinka ya ɗauka shi ne shaidar. Ka sa kyautarka a ambulan, ko ka miƙa wa sanƙira hannu da hannu, shi zai shelanta sunanka har na bayan fili su ji.

Tunda an zo kan waya, ga abin da yake ƙona mini rai. Ka ɗauki mawaƙi, shi ya fito don a gan shi. Amma ka juya kyamara kan 'yar mutane tana rawa da ƙawayenta, ka ɗora a TikTok, wannan zalunci ne. Na san yarinyar da aka fasa aurenta saboda bidiyon da bai kai minti ɗaya ba, wanda ya ɗauka bai ma san sunanta ba. Ana yi mana kirari da kunya, Katsinawan Dikko, to ga wurin nuna ta. In ka ga abokinka yana yi, ka dafa hannunsa ka ce ya goge, a gabanka.

Waya mai tsada a sama cikin duhu kuma kiran ƙauraye ce. Ka bar babbar a gida in da hali, ka riƙe ƙarama da kuɗin abin hawa a aljihun gaba. Ni duk wandon wasa da na ɗinka ina sa masa aljihun ciki mai zif, ko ba a ce in sa ba.

Da ka shiga, ka duba inda ƙofofi suke. Matsi ya fi tsanani a bakin ƙofa lokacin tashi, don haka ko ka fita ana waƙar ƙarshe, ko ka dakata har mutane su ragu. Ka yi magana da mai kurkurar (Keke Napep) da ka sani tun da rana, ka karɓi lambarsa, ku tsayar da wurin haɗuwa nesa kaɗan da ƙofa. Wanda ya taso daga Daura, ko ya je can daga Katsina, tafiyar kusan kilomita 80 ce. Kada ya kama hanya tsakar dare. Ya sanar da ɗan'uwa ko aboki tun kafin ranar cewa a wurinsa zai kwana, ya sa kayan canji a jaka, da safe bayan ya karya ya nufi tasha.