Ga kwamitin shirya taron cocinmu na Methodist: batun dashen itatuwa

Salama, 'yan'uwa. Tunda an tsayar cewa za a raba dashen itatuwa a taron nan saboda zafin da ke ƙaruwa a Kaduna, ga shawarata.

Kada a raba sai damina ta zauna, wajen Yuni zuwa Yuli. Dashen da aka sa a ƙasa cikin Maris, rana ce za ta cinye shi. Rami ya kai zurfin kamu ɗaya, a gauraya ƙasar da taki wanda ya ruɓe, a yage ledar kafin a binne, domin wasu da ita suke dasawa, saiwa ta rasa hanya. Sai a kewaye da ƙaya ko tsohon kwando, in ba haka ba awakin unguwa sun samu kalaci. Dogon yaro da mangwaro a nisanta su da katanga da masai. Zogale da gwaiba sun fi dacewa da ƙaramin gida.

Batun ruwan sha kuma, iyayenmu na zumuntar mata, don Allah a kawo kuloli da kofuna. Ledojin fiya wata su ne ke toshe kwalbati idan ruwa ya sauka.