Yadda injiniyan ƙasa da duwatsu ke duba ramin gwal kafin a shiga

Masanin ma'adinai ke nuna inda gwal yake. Shi kuwa injiniyan ƙasa da duwatsu tambayarsa ɗaya ce: in aka haƙa nan, bangon zai tsaya? A yankin Anka, Maru da Bukkuyum na jihar Zamfara, gwal na cikin jijiyar farin dutse da ta ratsa wani dutse mai falle-falle. Kafin a kai gare shi sai an huda marmara, sannan ruɓaɓɓen dutse mai marmashewa a hannu. Wannan ruɓaɓɓen dutsen shi ne maci amana: da rani ya yi tauri, da marka ta kama a Agusta ya koma kamar kunu.

Daga sama ake farawa. A zagaya bakin rami ana neman tsagar da ta bi tsawonsa. In an gani, a kafa turke biyu, ɗaya kowane gefe, a riƙa auna tazararsu kowace safiya da bayan kowane ruwa, ana rubutawa. Saurin buɗewar ake kallo fiye da faɗin tsagar. Jiya ta ƙaru da milimita 2, yau 5, gobe 12? A fitar da kowa, ba sai an jira mai rami ya zo ba.

Ruwa ne ke kayar da yawancin bango. Kowace mita ɗaya ta ruwan da ya tsaya cikin tsaga tana tura kusan tan ɗaya a kan kowace murabba'in mita a gindinta, ga shi kuma yana jiƙa yumɓun da ke tsakanin fallayen dutse har ya yi santsi. Don haka a ja lambatu ta saman rami, a toshe bakin tsaga da yumɓu, a kai bakin tiyon injin jan ruwa nesa, ta gangare. Sau da yawa za ka tarar ana zuƙe ruwa ana zubar da shi taku biyar daga baki, yana komawa inda ya fito. Ƙasar da aka kwaso ma nauyi ce, a tara ta aƙalla mita ɗaya daga baki, in da hali fiye.

A ƙasa mai laushi, duk zurfin mita ɗaya a ja bango baya mita ɗaya da rabi, wato kusan digiri 34. Ramin da ya wuce mita 1.5 a tsaye cak sai da katako da tokari.

A dutse kuma, kwanciyar fallaye ake aunawa da kamfas, wato na'urar nuna alƙibla. In sun karkato cikin rami, kuma bangon ya fi su miƙewa, wata rana za su zame. Inda aka huda da inji aka zaro sandar dutse, a haɗa tsawon guntayen da suka kai santimita 10, a raba da tsawon hujin. Santimita 80 cikin mita 2 kashi 40 cikin ɗari ke nan, dutsen ba shi da ƙwari. Daga nan injiniya ke lissafa ƙarfin da ke riƙe bango da wanda ke jan sa, ana so na farko ya ninka na biyu kamar sau 1.3.

A ƙarƙashin ƙasa, a tsaya inda aka riga aka tabbatar da lafiyar rufinsa, a buga rufi da dogon ƙarfe. Lafiyayyen dutse ƙara yake yi tas, wanda ya saki kuwa amon ganga gare shi, sai a ɓamɓare shi ko a tokare. A maimaita bayan kowace nakiya. Ginshiƙin da aka bari yana riƙe rufi a shafa masa fenti a ƙirga shi kullum, domin da zarar an hango gwal a jikinsa, da dare ake bi a sassaƙe shi.