Yadda Ake Gano Babbar Mujiya Mai Fatar Ido Ja-ja

A cikin mujiyoyin Afirka babu wadda ta kai ta girma. Tsawonta yakan kai santimita 66, macen ta fi namijin jiki, har takan kusa kilo 3. Ana samunta daga Senegal zuwa Somaliya har Afirka ta Kudu, amma ba ta zama cikin kurmi mai duhu ko tsakiyar hamada. Tana son dajin da ke da dogayen itatuwa a bakin rafi, irin na Yankari.

Ka fara nema daga ƙasa, kada ka fara da ɗaga kai. Duba gindin tsamiya, maɗaci ko gawo. Idan ka ga farin kashi ya bushe a wuri ɗaya, da curin gashi da ƙananan ƙasusuwa da ta amayar, to a nan take yini. Babbar shaida ita ce fatar bushiya: takan feɗe ta, ta cinye naman, ta yar da ƙayar a ƙasa kamar an kwaɓe riga. Tana kuma cin gafiya, zomo da zabo.

Sai ka ja baya kamar taku 30, ka bi manyan rassa da ido, kusa da jikin itacen. Launinta toka-toka ne, idonta baƙi-ƙirin, fatar idon kuwa ja-ja mai haske. Akwai wata mai kama da ita a wuraren duwatsu, amma ba ta kai ta girma ba.

Da magariba ko kafin asuba, ka kasa kunne. Kukanta gurnani ne mai kauri, guk, guk-guk, ana jinsa daga nesa.

Kada ka yi tunanin zagaya mata ta baya. Ƙwayar idonta ba ta juyawa, amma wuyanta na da ƙashi 14, tana juya kai har digiri 270, kuma ƙarar busasshen ganye ma ta ishe ta. Kuskuren da ya fi ɓarna shi ne korarta da rana. Da ta tashi hankaki za su yi mata ca, kuma idan tana kwanci a tsohuwar sheƙar ungulu ko mikiya, ƙwai biyun da ta bari sun shiga haɗari. Da dare ka rufe tocila da jan ƙyalle, ka haska reshen, ba fuskarta ba.